Hoton Ƙeyar Saratu

Ku kihe wayoyin nan bisa tabarma, 'yan mata, ku matso kusa. Na ji ku jiya bakin pampo kuna cewa kitso ba aiki ba ne, wai in mace ta sayi meshi, gashin kantin nan, ta kalli waya yini guda, ta iya. To, madalla. Ni Tsahara da kai na ci, da kai na sha, da kai na aurar da 'ya'yana, kuma har yau ban ce na ƙare koyo ba. Ban shiga lakkwal na yi boko ba, baƙi ko ya kai raƙumi girma ban san sunanshi ba, amma akwai shekarar da sana'ar nan ta kai ni har gaban alƙali, kuma ita nake so ku ji. Sai dai ba a hawan icce ta ganye. Bari in faro daga gindi.

Kan farko da Inna Kulu ta ba ni ba na mutum ba ne. Inna Kulu ƙanwar kakata ce, ita ke kitson garinmu Azarori duka a zamaninta, mace gajera mai hannu kamar ƙarhe. Kaba ta tsattsaga mini siri-siri, ta ƙulle a ƙafar gado, ta ce in kitsa. Na kitsa, ta warware. Na sake, ta warware. Damina ta wuce ina kitson kaba, sannan ta ƙara mini girma, ta kai ni ga wutsiyar saniyar maƙwabta. Saniyar nan ita ta koya mini abin da Inna ba ta faɗa da baki ba: in kin ja, a harbe ki. Mace ba ta harbi, amma ba ta dawowa.

Kayan aikinmu ba su cika ƙwarya ba. Tsinken ƙashi na tsaga, matajin icce mai manyan haƙora, 'yar tukunyar man shanu, karkashi da ɗan kanwa na wanki, da kujera 'yar tsugunne. Sauran kayan a jikinki suke, cinya da ido da baya, kuma bayan shi ke fara ƙarewa.

Kan mutum na farko da na taɓa, na wata mata ce da ta hita takaba. Gashin ya cuɗe ya dunƙule kamar sheƙar tsuntsu. Inna ta zauna gehe tana tauna goro. Na jiƙa shi da ruwan karkashi har ya yi santsi, na bi shi da tsinke daga baki zuwa gindi, don wadda ta faro daga gindi tsinka gashi take, ba warwara ba. Tun hantsi har la'asar ina abu guda. Na tsaga, na kama, na kitsa, na shahe da man shanu. Matar ta shafa kanta ta ce, “Yarinya, Allah shi yi miki albarka.” Daɗi ya kama ni, na ɗauko tsintsiya zan share gashin da ya zuba. Ban san sa'ad da Inna ta taso ba, sai ji na yi an buge mini hannu.

“Naki ne?”

“A'a, Inna.”

“To, tsince shi sili-sili. Na cikin mataji ma ki hiddo.”

Na tsince, na murza shi ya zama ɗan curi, Inna ta sa na durƙusa na aza shi cikin tahin hannun matar. Ita ta san inda za ta kai abinta, ko ta binne ko ta cusa tsagar bango. Wasu na cewa don kar maƙiyi shi samu shi kai wa boka, wasu na cewa in tsuntsu ya yi sheƙa da shi, mai kan ba ta rabuwa da ciwon kai. Inna Kulu ba ta tsaya ga wannan ba. Cewa ta yi, “Mace ta kwance kallabinta gabanki, ta aza kanta cinyarki, abin da mijinta kaɗai ke gani kin gani. Duk abin da ta shigo da shi, da shi za ta hita. Gashinta, da maganarta.”

Aure ya kawo ni Madawa, na kafa kujerata ƙarƙashin dogon yaro tsakar gida. Kawuna iri-iri sunka bi ta cinyar nan. Matan masu albasa, in kaka ta yi kyau sai kitso mai cin yini, in albasa ta ruɓe sai zane biyu a koma gida. Hilani masu gashi mai zamewa hannu. Buzaye masu son ƙanana har idonki shi yi ruwa. Da matan mishan, waɗanda mazansu ke aiki asibiti, su ranar Asabar suke zuwa don su shiga majami'a da sabon kai. Kowane kai da halinshi. Akwai wanda ke son a matse, akwai wanda in kin matse gaban goshi ƙuraje su hito, gashin shi bi su, mace ta tsufa da sanƙo tana tsine miki. Wanga, waya ba ta nuna muku shi.

Cikin duk waɗanda na koya wa, babu kamar Rakiya, ɗiyar ƙanena Illo. Bahaguwa ce. Da farko mata sun ƙi ta, wai ba a taɓa kai da hagu. Ni na zaunar da ita bisa kujerata, na ba ta kaina gaban kowa, daga nan bakin ya mutu. Tsagarta kamar an ja zare. Amma kitson bahago ba ya ɓoyuwa ga mai sana'a, igiyar ta wancan gehen take hawa. Rakiya ta yi aure, ta haihu uku, mijin ya tahi Aljeriya nema. Da farko yana kira yana aike, sannan yana kira ba aike, daga nan lambar ta mutu. Sai ta dawo gidana da aiki, kujera biyu ƙarƙashin icce guda. Ba ta rasa ci ba, wannan ku riƙe shi. Jajibirin salla har faɗa mata ke yi kan wa za ta riga zama gabanta.

Ita ta shigo da hoto cikin aikin. In ta ƙare kai, sai ta zagaya baya ta ɗauka, wai ta aza cikin waya mata su gani su zo. Na ce mata, “Ɗiyata, wanga gashi da kike ɗauka, hannun wa za ki mayar da shi?”

Ta yi dariya ta ce, “Gwaggo, ƙeya ce fa, ba huska ba. Wa ya san ƙeya?”

Matan ma sunka taya ta dariya, kowa na miƙa wuya a ɗauka. Kuma gaskiya ciniki ya ƙaru. Ni dai kawunan da na yi da hannuna ban bari an ɗauka ba.

Saratu kuwa, wadda labarin ya faɗa kanta, mutuniyar Galma ce, tana aure nan Madawa. Mijinta Ayuba magini ne a asibitin mishan, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Ita ke ba da waƙa cikin zumuntar mata ta majami'arsu, ta tsaya gaba ta ɗauko, sauran su amsa daga bayanta. Gashi har kafaɗa, wuya dogo, da wani tabon ƙuna bayan kunnen dama kamar ganyen magarya, tun tana ƙarama ta faɗa kusa da murhu. Ni ke yi mata kitso shekara da shekaru. Wata Asabar bayana ya riƙe, ko sunkuyawa ba ni iyawa, na ce Rakiya ta yi mata. Ta tattara mata kitson sama, wuya da ƙeya a hili, aiki mai kyau ƙwarai. Ni ina ɗaki kwance.

Bayan kaka, wata sahiya, Saratu ta shigo gidana ba sallama. Ba Asabar ba ce. Ta zauna ƙasa, ba bisa tabarma ba, ta miƙo mini waya ta ce, “Inna, dubi.”

Ga yadda abin ya tahi, kamar yadda na tattara shi daga baya. Wani mutumin Babankatami yana Libiya yana aikin gini. Wata mace ta same shi cikin waya, ta ce budurwa ce, sunanta wai Nana. Ba ta magana sai da raɗa, wai kar iyayenta su ji. Ya ce ta aiko hoto, ta ce kunya take ji, sai dai na baya. Ya ga wuya, ya ga gashi, hankali ya tashi. Yau uwarta ba lahiya, gobe bikin ƙawa, jibi wayarta ta faɗa ruwa, shi kuma gumin da ya kamata shi zo Babankatami ga tsohuwarshi, can yake bi. Rannan daɗi ya ishe shi, ya nuna hoton ga waɗanda suke kwana ɗaki guda. Kun san mutanen Adar can waje, kamar tururuwa suke, rami guda. Cikin ɗakin akwai ɗan Galma. Ya duba ya ce, “Kai, wanga tabo na san shi. Tare munka yi wasan ƙasa.” Ya tura wa matarshi don ta tabbatar. Matar ta tura wa ƙawarta don ta taya ta mamaki. Kahin kasuwa ta zagayo, babu wayar da hoton bai kwana ba daga Keita har Madawa: matar Ayuba magini, mai waƙar Allah, tana cin kuɗɗin maza cikin waya.

Saratu ta rantse, ta ce a ji muryar, ba tata ba ce. Anka ce raɗa ba ta da mai ita. Dattawan majami'a sunka ce ta dakata da ba da waƙa, ta koma sahun baya har a gane gaskiya. Ayuba bai buge ta ba, bai kore ta ba, amma ya daina cin tuwonta, kuma 'yan'uwanshi sun fara neman ranar da za a zauna kan auren.

Na karɓi wayar na kai ta nesa da ido, don kusa ba ni gani. Ban tsaya ga tabon ba. Igiyar kitson na duba, na ga ta wancan gehen take hawa. Can ƙasan hoton kuma ga bakin turmina mai tsaga. Na mayar mata da wayar na ce, “Tashi ki tahi gida, ɗiyata. Ki ba ni ɗan lokaci.”

Da rana ta take, mata sun watse, Rakiya na wanke mataji. Na tsaya kanta na ce, “Nana, ina wuni?”

Matajin ya faɗa cikin ruwa. Ba ta yi gardama ba a ranar. Zama ta yi ta miƙe ƙafa, kamar wadda ta sauke kaya.

“Gwaggo, ni ban haura katangar kowa ba. Ban shiga ɗakin kowa ba, allurar mutum ban ɗauka ba. Shi ya aiko da hannunshi.”

“Yunwa kike ji?”

“A'a.”

“Yaranki tsirara suke yawo?”

“A'a. Da wasa na fara. Runfar da muke kai sharjin waya akwai masu yi, na ji suna dariya suna faɗin yadda ake yi. Na ce bari in gwada, in ga ko gaskiya ne namiji na aike don murya kawai. Ya aiko. Gwaggo, yini nawa zan yi duƙe bisa kan mutane kahin in ga abin da raɗa guda ta kawo? Kuma mazan nan da kike tausayi, suna can sun manta da matansu suna neman 'yan mata cikin waya. Uban yarana yana cikinsu. Na ce in ban ci nashi ba, in ci na ɗan'uwanshi.”

“To Saratu fa, ita ta tura mijinki Aljeriya?”

Ta sunkuyar da kai. “Wuyanta ne mai kyau. Kuma na ce 'yar mishan ce, shi Musulmi ne na Babankatami, ina za su gamu? Ba huskarta ciki, Gwaggo. Ban nuhe ta da sharri ba.”

Kun ji, 'yan mata. Na daɗe ina juya maganar nan. Ɓarawon da, sai ya ji haushin kare, ya ji tarin mai gida, ƙirjinshi na bugawa, da yawa tsoro ke komar da su daga gindin katanga. Na waya kuwa kwance yake bisa gadonshi. Ba ya ganin idon wanda ya cuta, sai shi ɗauka babu kowa can, lamba ce kawai. Ga abin da sauƙi, ga shi ba a ganinka, in kuma akwai wani tsohon haushi da ke neman inda zai sauka, to ko ƙoshe mutum yake sai ya taɓa.

Na ce mata, “Ɗauko mayahinki, mu tahi gidan Ayuba ki faɗa da bakinki.” Ta ce sai gobe. Kahin gobe ta zare ɗan kartin lambar ta jefa salga, ta koma gidan ubanta. Da Illo ya zo, magana ta sake: ita ba ta san komi ba, hotunan suna cikin waya, kowa na iya ɗauka.

Illo ya zauna bisa kujerarta, ya cire hula ya riƙe a hannu.

“Yaya, na san abin da kinka sani. Amma jininki ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mu yi shiru, abin shi lafa. In ya so in sayar da raguna, in nemi dangin mutumin, in mayar musu da abinsu a ɓoye.”

“Saratu kuma mi za ka mayar mata?”

“Magana ce, wucewa za ta yi. Saboda 'yar mishan za ki kai ɗiyarki kaso, a kulle ta?”

“Illo, kan da ya kwanta cinyata ban taɓa tambayar shi inda yake sujada ba. A gidana anka kwance kallabin nan. Hannun kuma ba yarwa zan yi ba, sakiya za a yi mishi.”

Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce in na yi, kar in zo jana'izarshi. Na ce Allah shi ba mu tsawon rai mu duka.

Ranar Asabar na ɗauki sandata na tahi gidan Ayuba. Na ishe shi zaune bisa bulo yana kankare siminti daga takalmi. Na faɗa mishi komi, Saratu na tsaye bakin ɗaki. Ya aje takalmin gehe. Sannan ya ce, “Inna, na gode. Ni na yarda. Tun da gidanki ne, a bar shi nan. In faɗa wa dattawa, shi ke nan.” Mutumin kirki, sauƙaƙa mini yake so shi yi.

Saratu ce ta ce, “Kai ka ji, dattawa za su ji. Wa zai faɗa wa Keita? Wa zai faɗa wa Libiya? Cewa za a yi tsohuwa ta rufa mini asiri don sabo, ga Rakiya can tana rantsuwa. Ɗiyata na tasowa. Wata rana za a nemi aurenta, a tono wanga hoto.”

Na ce, “Gaskiyarki. Maganar da ta hita kasuwa ba a kashe ta a ɗaki. Ku kai ƙara, ni ce shaida.”

Wurin jandarma wani dogo mai gilashi ya karɓe mu. Ya saurara har na ƙare, sannan ya ce, “Inna, kin san doka kuwa?”

Na ce, “Na san dokar da muke kitsa wa mata da, a cusa tsumma ciki ta tashi kamar zanko.”

Ya yi dariya har ya cire gilashin. “Wagga ma bisa kai take zama, kuma ba a barci da ita da daɗi. In kin faɗa, ba a janyewa. Ɗiyar ƙanenki ce.”

Na ce na sani tun daga gida.

Su ma suna da nasu tsinken tsaga. Lambar da anka jefa salga ba ta mutu wurinsu ba, kuma inda Rakiya ke karɓar aiken an san huskarta. Ba a daɗe ba anka zo anka tahi da ita.

Ranar shari'a ɗakin ya cika. Matan zumunta gehe guda, dangina gehe guda ba mai duba na, ga wan mutumin Babankatami ya zo a madadin ƙanenshi. Anka kira ni, na faɗi abin da na gani, igiyar bahago da bakin turmi, da abin da ta faɗa mini da rana tsaka. Alƙali ya juya ga Rakiya. Ta dubi ubanta, ta dubi jandarma, ta ce ita ce. Ya ce, “Saratu ta san da wannan?” Ta ce a'a. Ya ce ta ɗaga murya, na can baya ba su ji ba. Ta ɗaga. Ya ce laihi biyu ta yi, cin dukiyar mutum da yaudara, da shiga rigar wata cikin waya. Ya yanke mata kaso, da biyan abin da ta ci.

Maganar ta bi hanyar da hoton ya bi, waya zuwa waya, sai dai hoton a mota ya tahi, ita bisa jaki. Amma ta isa. Abin da rantsuwar Saratu ba ta yi ba, abin da bakina ni kaɗai ba zai yi ba, bakin alƙali ya yi, don shi ba a ce ya faɗa saboda sabo. 'Yan'uwan Ayuba sunka bar zancen zama. Ɗan Galman nan ya aiko da ban haƙuri daga Libiya.

Ga abin da na gani da idona game da hukunci, ba ji na yi ba. Runfar sharji ta yi tsit. Wasu sun daina har yau, tsoron kaso ya yi musu abin da wa'azin Juma'a da na Lahadi bai yi ba. Wasu kuwa, waɗanda sunka hi Rakiya wayo, lamba kawai sunka sake, suna nan bisa moto suna buɗe mu da ƙasa. Doka ba ta tsince ƙwarƙwata duka, wadda ta zo bakin mataji take kamawa. Amma kan da ba a tajewa sam, kun san yadda yake ƙarewa.

Ni kuwa, shekarar nan ita ce muguwar shekarata, ta hi shekarar fari muni. Wasu mata sun ƙaurace don a gidana anka ɗauki hoton, wasu don na ɗaure jinina. Kujera biyu ƙarƙashin icce, kaji na hawa. Yaran Rakiya suna wurina, don Illo ya ce wadda ta kai uwarsu ita ta riƙe su. Na koma kitson yara, a biya ni da ɗan hatsi. Duk Juma'a in dama hura in kai kaso. Da farko ba ta hitowa, in bar wa masu tsaro in dawo. Daga baya ta hito. Kanta ya cuɗe, ba wanda ya taɓa shi. Na roƙi izini, na zaunar da ita na tsehe na kitsa. Sai da na kusa ƙarewa ta kai hannu ta lalubi tsagar ta ce, “Gwaggo, wagga ta karkace.”

Na ce, “Yatsun sun ƙage. Hito ki gyara.”

Ta hito, bayan ta yi abin da anka yanke mata. Ta koma kujerarta, magana kaɗan, aiki da yawa. Mata sunka fara dawowa ɗaya-ɗaya, don hannu mai kyau ko ya yi laihi ana nemanshi.

Saratu ce ba ta dawo ba. Ayuba ya koma cin tuwonta, dattawa sun je har gida sun ce ta koma bakin waƙarta, ta ƙi. Wata 'yar zumuntarsu ta faɗa mini dalili. Mai ba da waƙa gaba take tsayawa, jama'a duka suna bayanta, kuma Saratu ta ce ba ta iya tsayawa inda ido zai zauna ga ƙeyarta. Sahun baya take zama, jikin bango, ta naɗe kallabi har wuya. Kanta kuma ita ke kalbace abinta a ɗaki, ba ta kwance wa kowa.

Asabar ɗin da ke gaban Nowel, sallar Kirsimeti, sai ga ta da sallama. Rakiya ta saki kan da take yi, ta zo ta durƙusa.

“Saratu, ki yahe mini.”

“Na yahe miki tun kina can. An umurce mu, kuma ina son in samu barci. Amma kaina, ke da shi har abada.”

Ta juyo gare ni. “Inna, ke za ki yi.”

“Ɗiyata, hannuna ya tsufa. Tsagata karkacewa take, abin da nake yi kahin azahar yanzu sai magariba.”

“Karkataccen nake so. Kuma sama za ki tattara shi.”

Ta zauna, ta kwance kallabin gaban matan da ke wurin, ta aza kanta cinyata. Na jiƙa, na taje, na tsaga. Tsinken na kuɓuce mini ina ɗauka, yatsun na zogi ina jiƙa su ruwan ɗumi in koma. Ba wadda ta ce in yi sauri. Rana ta kusa faɗuwa na kama igiyar ƙarshe. Ta shafa, ta ji inda ya karkace, ta ce ya yi.

Majami'arsu ba ta da nisa da gidana, in iska ta juyo ana jin su. Washegari ina tsince gero bakin ƙofa, sai murya guda ta ɗauko waƙa ita kaɗai, tsaye cak, ba rawa. Na aje faifan. Sannan matan sunka amsa daga bayanta.